Inshorar lafiyar yara a Kebbi: abin da doka ta tanada da abin da ake tararwa a asibiti

Tun watan Mayun 2022, lokacin da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya, ake yawan jin maganganu biyu a rediyo da bakin jami'an gwamnati. Ta farko, inshorar lafiya ta zama tilas ga kowane mazaunin Najeriya. Ta biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5 na cikin waɗanda hukuma za ta ɗauke wa nauyi. Jama'a da dama sun fahimci cewa daga yanzu duk wanda ya kai ƙaramin yaro asibitin gwamnati ba zai biya ko sisi ba. Sai ga shi uwa ta kai ɗanta asibitin sha-ka-tafi a yankin Jega ko Koko, an duba shi, an rubuta mata takarda ta tafi kemis ta sayo magani da kuɗinta, alhali maƙwabciyarta mai kati ta kai nata ɗan ranar, an ba ta magani ba ta biya komai ba. Duka matan biyu gaskiya suke faɗa idan suka ba da labari. Bambancin yana cikin yadda aka gina tsarin, da yawan kuɗin da aka zuba masa.

Magani kyauta daban, inshora daban

Gwamnonin Arewa sun daɗe suna shelar magani kyauta ga mata masu juna biyu da ƙananan yara. A wannan tsari gwamnati ce ke sayo magunguna ta raba wa asibitoci, duk wanda ya zo a ba shi har su ƙare. Idan sun ƙare, shi ke nan, sai a jira wani zubin. Babu sunan kowa a rubuce, babu kuma wanda zai ce an tauye masa haƙƙi.

Inshora ta yi kama da adashi ta fuskar tara kuɗin mutane da yawa a wuri ɗaya, sai dai a nan ba bi da bi ake kwasa ba, wanda ciwo ya kama shi ne ake kashe wa. Ana yi wa mutum rajista da sunansa, a haɗa shi da wani asibiti na musamman, a ba shi kati ko lamba, sannan wani ya riƙa biyan kuɗin shekara a madadinsa. Ga ma'aikaci, daga albashinsa ake cira tare da gudummawar wanda ya ɗauke shi aiki. Ga yaron da ake magana a kansa, gwamnati ce ke biya daga haraji da sauran kuɗin shiga. Idan aka ce inshorar yara ta kowa da kowa ce, ana nufin duk yaron da bai wuce shekarun da aka yanke ba ya shiga, ɗan attajiri ne ko ɗan mai ga-ruwa, ba tare da an bincika aljihun ubansa ba.

Wannan na ƙarshe shi ne Najeriya ba ta kai gare shi ba tukuna. Dokar 2022 ta ambaci yara 'yan ƙasa da shekara 5 a jerin masu rauni, tare da mata masu ciki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta, ta kuma tanadi asusu domin su. Amma shiga jerin waɗanda suka cancanta ba shi ne samun kati ba. Gurabe ake rabawa gwargwadon kuɗin da ya iso, a kasafta su kan gundumomi. A cikin matan nan biyu da aka ambata a farko, mai kati ta samu gurbi, ɗayar ba ta samu ba.

A jihohin Arewa da yawa ba a kiran hukumomin da ke wannan aiki da sunan inshora, an fi cewa taimakekeniya, kamar KECHEMA a Kebbi da ZAMCHEMA a Zamfara. Akwai dalili. Malamai da dama na da ja kan inshorar kasuwanci saboda shubuhar riba da rashin tabbas a cinikin, amma sun fi sakin jiki da tsarin taimakon juna irin na takaful. Inda gwamnati ce ke biya wa yaro, iyayensa ba su zuba komai ba, wannan takaddama tana raguwa sosai.

Me ya sa yara, me ya sa Kebbi

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa kai shekara 5. A Kebbi adadin 252 ne, mafi yawa a ƙasar baki ɗaya, wato kusan yaro ɗaya cikin huɗu. A Ogun 30 ne. Binciken ya kuma gano kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, sannan kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Da aka sake binciken maleriya a 2021, Kebbi ce dai a sama da kashi 49. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024, kafin sauran jihohi. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna mace-macen yara a ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 110 cikin 1,000, sauƙin da har yanzu bai taka kara ya karya ba.

Cututtukan da ke ɗauke yaran nan ba baƙi ba ne: maleriya, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, tamowa, da matsalolin kwanakin farko bayan haihuwa. Kusan duka ana maganinsu da kuɗi kaɗan idan an zo da wuri. Abin da ke sa su kisa shi ne jinkiri, kuma babban abin da ke kawo jinkiri shi ne aljihu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga hannun marasa lafiya da danginsu yake fita kai tsaye, a daidai lokacin da ciwo ya zo.

A duba yadda abin yake a ƙauye a watan Agusta. Rumbu ya kusa ƙarewa, sabon amfani bai nuna ba, abin da ke hannu ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. A lokacin ne sauro ya fi yawa. Jikin yaro ya yi zafi da dare, da safe a sayo maganin zazzaɓi na ruwa a kemis, a haɗa da jiƙo. Kwana biyu jiki ya yi sanyi ya sake ɗauka. Ranar da ya fara taune-taune ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ranar ce za a nemi mai kabu-kabu zuwa babban asibiti, inda yanzu maganar ta koma ta gado, allurai, gwajin jini da ƙarin jini. Abin da ƙwayoyin kwana uku za su warkar ya zama abin da sai an sayar da akuya ko an ci bashi a kan shinkafar da ba a yanke ba. Hujjar masu son inshorar yara ke nan a taƙaice: idan uwa ta san ba za a tambaye ta kuɗi ba, ranar farko za ta je.

Yadda aka iso nan

An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar soja a 1999, amma bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Obasanjo. Shiga ganin dama ce, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Ko a wurinsu akwai iyaka da ta shafi gidajen Arewa kai tsaye: katin ya ƙunshi ma'aikaci, matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya zaɓi waɗanda zai rubuta, ko ya ƙara kuɗi domin sauran. Binciken 2018 ya tarar kusan kashi 97 cikin 100 na manya ba su da wata inshorar lafiya ko kaɗan.

An taɓa gwada ɗaukar nauyin yara. Bayan yafe wa Najeriya wani kaso na bashin ƙasashen waje a 2005, an ɗebi wani abu daga rarar aka fara shirin kula da mata masu ciki da ƙananan yara kyauta a wasu jihohi a 2008, ta hannun hukumar inshorar. Shirin ya tsaya a 2015 da kuɗin suka daina zuwa. Haka shirin lafiyar uwa da yaro na SURE-P, wanda aka kafa da rarar tallafin mai a 2012, ya bi gwamnatin da ta kawo shi. Ungozomomin da aka ɗauka suka watse. Wannan ne ya sa masu tsara manufofi suka dage sai an rubuta tushen kuɗi a cikin doka.

An samu hakan a Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta kuma ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Dokar 2022 ta zo ta maye tsohuwar hukumar da sabuwa, NHIA, ta mai da inshora tilas, ta kuma ɗora wa jihohi gudanar da nasu tsare-tsaren. A wajen sa hannu an yi maganar talakawa miliyan 83 da za su amfana. Alƙaluman da hukumar ke bayarwa a 2025 sun nuna masu inshora kowace iri, har da ma'aikata da masu biya wa kansu, kimanin miliyan 20 ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Tafiyar kuɗi daga Abuja zuwa gunduma

Kuɗin asusun BHCPF ba ta hanya ɗaya suke bi ba. Kusan rabi na bi ta hukumar inshora zuwa hukumomin taimakekeniya na jihohi, domin biya wa masu rauni. Kashi 45 na bi ta hukumar lafiya matakin farko, domin magunguna, gyaran gini da ma'aikata. Ɗan abin da ya rage na agajin gaggawa ne da yaƙi da annoba. Dokar 2014 ta kuma nemi jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kason, kashi 25 cikin 100. Manufar ita ce a samu asibiti ɗaya mai aiki sosai a kowace gunduma. Kebbi na da gundumomi 225 a ƙananan hukumomi 21, Zamfara na da 147 a ƙananan hukumomi 14.

A ƙa'idar da aka fara aiki da ita, an yanke naira 12,000 a matsayin kuɗin mutum ɗaya na shekara. Daga ciki, a wancan lokaci, ana ba asibitin gunduma naira 570 duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti aka tura mutum babban asibiti, can kuma bisa aikin da aka yi ake biya, bayan asibitin ya aika takardun neman kuɗinsa an tantance su.

A ɗauka wani asibitin gunduma na da masu rajista 300. Abin da zai shigo masa a wata naira 171,000 ne. Da wannan shugaban asibitin zai sayi maganin maleriya, na kashe ƙwayoyin cuta, ruwan gishiri da sukari, sirinji, safar hannu da auduga. A watan Fabrairu kuɗin na iya isa har su yi saura. A watan Satumba, da layi ya kai bakin ƙofa, kuɗin dai 171,000 ne, domin lissafin bai san damina ba. Idan kuma yawancin masu rajistar ƙananan yara ne, abin ya fi tsanani, saboda yaro ɗan shekara biyu na iya zuwa asibiti sau da yawa a shekarar da ubansa bai leƙa ba ko sau ɗaya. Inshora tana tsayuwa ne idan masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa a cikin tarin. Tarin da aka cika da yara zalla ya fi kowanne tsada a kan kowane kai.

Sannan darajar kuɗin ta zube. Naira 12,000 a 2020 ta kusa dala 30. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a tsakiyar 2023, zuwa ƙarshen 2024 ba ta kai dala 10 ba, ga shi yawancin magunguna ko sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. Hukumar NHIA ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci a 2024, ta sake ƙarawa a 2025, an kuma ɗaga abin da ake tura wa asibitocin gunduma kai tsaye, wanda a da kimanin naira 300,000 ne duk wata uku. Sai dai idan aka ƙara kuɗin kowane kai ba a ƙara jimillar asusun daidai da haka ba, yawan kawunan da za a iya ɗauka ne ke raguwa.

Matsalar da ta fi cin ma'aikatan asibiti ita ce lokacin isowar kuɗi. Idan biyan wata uku ya makara, kantin maganin asibiti zai bushe, mai kati ya zo a ce masa babu, a rubuta masa takarda. Daga ranar ya daina yarda da katin, ya kuma gaya wa maƙwabta. Babban asibitin da ya bi hukuma bashi ya daɗe bai gani ba, shi ma sai ya fara ja da baya da masu kati, ya fi maraba da mai kuɗi a hannu.

Kowa da kowa, ko marasa ƙarfi kaɗai?

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Masu cewa a taƙaita ga matalauta suna kallon ƙarancin kuɗi: tunda ba za su isa kowa ba, bai dace a biya wa ɗan babban ma'aikaci ko ɗan dillalin shinkafa ba, a bar maraya. Wannan ne tsarin da ake bi yanzu, inda ake dogaro da rajistar marasa galihu ta ƙasa da kuma shawarar masu unguwanni da kwamitocin gunduma wajen zaɓo sunaye.

Masu cewa a haɗa kowa suna da amsa. A jihar da mafi yawan gidaje ke cikin talauci, tace matalauci daga wanda ya ɗan fi shi aiki ne mai tsada da yawan kuskure. Manomin da ya samu amfani bara, bana ambaliya irin ta 2020 na iya shafe gonarsa, rajista kuwa ba ta sauyawa da saurin haka. Duk inda gurabe suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, akwai ƙofar alfarma da siyasa. Shekarun yaro kuwa abu ne da ake gani da ido. Suna ƙarawa da cewa idan 'ya'yan masu faɗa a ji na cikin tsarin, ranar da magani ya yanke za a ji ƙara a inda ake sauraro.

Ana iya gwada lissafin. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbi mutum miliyan 3.2, ƙiyasin yanzu ya haura miliyan 5. Idan aka ɗauka yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun kai miliyan 1, biya musu a tsohon farashi zai ci naira biliyan 12 a shekara. Idan aka ninka farashin sau uku domin ya yi daidai da tsadar yau, biliyan 36 ke nan. Kasafin jihar na 2025 ya kai kimanin naira biliyan 580. Wato abin ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma bai fi ƙarfin tunani ba, musamman idan aka tuna alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yarda su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Sai dai adadin da ke takardar kasafi ba shi ne kuɗin da ke shigowa ba, kuma wannan nauyi ne na kowace shekara, ba kamar titi ba da ake ginawa sau ɗaya a yanke ƙyalle.

Akwai ra'ayi na uku da ba a cika ji ba. Masu shi na ganin kati da rajista da hukumar tantance takardu duk ƙarin kashe kuɗi ne. A ganinsu gara a zuba kuɗin kai tsaye a asibitocin gunduma, a ɗauki ma'aikata, a cika kanti da magani, duk yaron da ya zo a duba shi. Masu kare inshora na mayar musu da cewa an gwada haka shekara da shekaru, magani ya riƙa ɓacewa tsakanin sito da kanti, kuma rajista ce kaɗai ke sa a san wa aka yi wa aiki da nawa aka kashe.

Kan inda ƙarin kuɗi zai fito ma ba a daidaita ba. Wasu na neman a ɗaga kason asusun daga kashi 1 zuwa 2. Wasu na nuni da harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, wanda aka sa a dokar kuɗi ta 2021 amma ba a keɓe shi ga lafiya ba. A Zamfara da maƙwabtanta ana maganar hukumomin zakka da waƙafi, da attajiran da za su iya saya wa marayun unguwarsu kati. Wannan na taimakawa, ko da yake zakka na da waɗanda shari'a ta ayyana a ba, ba za ta zama ta kowane yaro ba. Tallafin waje kuwa ya nuna iyakarsa a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa, alhali Kebbi da Zamfara na cikin jihohin da shirinta na yaƙi da maleriya ke tallafa wa a lokacin.

Abin da ya faru a maƙwabta

Mutanen Kamba da Kangiwa ba sa buƙatar a ba su labarin Nijar, danginsu na Gaya da Dosso. A 2006 gwamnatin Nijar ta soke biyan kuɗin asibiti ga duk yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Zuwa asibiti ya ƙaru sosai. Mace-macen yara, da ke 226 cikin 1,000 a 1998, ya sauko zuwa 128 a 2009, kuma masu bincike sun danganta hakan da wannan mataki tare da rabon gidan sauro da shirye-shiryen yaƙi da tamowa. Amma tsarin ya ce asibiti ya fara yin aiki, daga baya gwamnati ta biya. Biyan ya riƙa makara da watanni, wani lokaci shekaru, bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantunan magani suka bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda.

Burkina Faso ta fara nata a 2016, ta juya tsarin: ana tura wa asibitoci kuɗi tun kafin aiki, daga baya a yi lissafi. Ghana ta kafa inshorarta a 2003, ta ɗora ta kan ƙarin harajin kashi 2.5 a kan kayan saye da sayarwa, ta kuma yafe wa 'yan ƙasa da shekara 18 kuɗin shekara, amma ita ma asibitocinta sun sha kuka da jinkirin biya. Ko a Amurka, shirin inshorar yara da aka kafa a 1997, wanda tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, wa'adin kuɗinsa ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2017, majalisa ba ta sabunta shi ba sai Janairun 2018, har wasu jihohi suka fara aika wa iyaye takardar gargaɗi.

Abin da kati ba ya saya

Kati na cire kuɗin magani, ba ya rage nisa. A ƙauyukan bakin kogi na Yauri, Ngaski da Shanga, zuwa asibiti na iya zama tafiyar kwale-kwale. A sassan masarautar Zuru, kamar Danko-Wasagu da Sakaba, da yankuna da yawa na Zamfara, hanya ce ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, wasu asibitocin ma an rufe su, ma'aikata sun koma gari. Iyalin da suka gudu daga ƙauyensu sun bar asibitin da aka rubuta a katinsu a baya, sauya shi kuwa sai an bi ofis.

Ga ƙarancin ma'aikata. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane. Asibitin gunduma da yawa malamin lafiya ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, da 'yan sa-kai. Idan inshorar kowa da kowa ta yi abin da ake so, wato ta ninka masu zuwa, waɗannan mutanen ne za su ɗauki ninkin. A Zamfara, Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024 saboda halin da ya tarar da asibitoci.

Tamowa kuma ta faɗa tsakanin hukumomi. Abincin musamman da ake ba yaro mai tamowa yawanci daga hannun ƙungiyoyin agaji yake fitowa, irin su UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aikin tamowa a yankin Maiyama tun 2022. Yaron da aka warkar da maleriyarsa ya koma gidan da babu abinci, zai dawo.

Ga magidanci da uwar gida

Wanda ɗansa ya samu gurbi a yanzu yana da haƙƙin a duba yaron a asibitin da aka rubuta masa, a yi masa gwajin maleriya, a ba shi magungunan da ke cikin jerin da aka amince, ba tare da biya ba. Idan ciwon ya yi tsanani, daga nan ne za a ba shi takardar turawa babban asibiti. Tsallake wannan mataki, in ba a halin gaggawa ba, na iya sa a ce ya biya da kansa. Allurar rigakafi, da maganin kariya daga maleriya da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata a damina, kyauta ne ga kowa, ba su da alaƙa da kati. Wanda bai samu gurbi ba yana iya tambaya a ofishin hukumar taimakekeniya ko wajen shugaban asibitin gundumarsu yaushe za a buɗe sabuwar rajista, ko ya sayi shiga da kuɗinsa a tsarin masu sana'ar kansu.

Idan aka faɗaɗa tsarin ya haɗa kowane yaro, wanda zai fi jin sauyi shi ne manomi da mai ƙaramar sana'a, domin kuɗin da ke fita ba shiri a tsakiyar damina zai ragu, uwa kuma ba sai ta jira maigida ya dawo da kuɗi kafin ta fita da yaro ba. Masu kemis za su rasa wani ɓangare na cinikin maganin yara, muddin kantin asibiti na da kaya. Ma'aikacin jiha da ake cire wa kuɗi daga albashi zai so ya san ba a haɗa nasa da na wasu an cinye ba, abin da ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe suna taka-tsantsan da irin waɗannan tsare-tsare.

Rajistar kanta tana da nata shinge. Ana ƙara neman lambar shaidar ɗan ƙasa wajen shiga shirye-shiryen gwamnati, ga shi a 2018 kashi 43 cikin 100 ne kawai na ƙananan yaran Najeriya aka yi wa rajistar haihuwa, a karkarar Arewa maso Yamma kuma abin ya fi haka ƙasa. Yaron da aka haifa a ɗaki, a hannun ungozomar gargajiya, shi ne ya fi shiga haɗari, shi ne kuma ba shi da takarda.

Sai batun ranar da yaro ya cika shekara 5. A dokar yanzu, daga nan ya fita daga jerin, sai dai in gidansu na cikin rajistar matalauta. An yanke wannan iyaka ne saboda a ƙasa da ita mace-mace ya fi yawa, kuma ɗaga ta zuwa 18 kamar Ghana zai ninka yawan yaran kusan sau uku. Amma akwai waɗanda ciwonsu ba ya tsayawa a shekara 5. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu amosanin jini duk shekara a Najeriya, kuma buƙatarsu ta magani da ƙarin jini ta tsawon rai ce. Akwai kuma almajirai, waɗanda galibi bayan wannan shekarun ake kai su makaranta a wani gari, nesa da iyayen da za su yi musu rajista da asibitin gundumar da aka haife su.